Na Je Buwake Ɗauko Yaya Ummaru

Tun da na dawo daga Kwaddibuwa ban huta da tambaya ba. In na zauna bakin injin casa a nan Gummi, sai wani ya ce, Haliru, wai da gaske ne can har ƙauye akwai lantarki? Wani ya ce yaya kuɗinsu yake. Malam Ɗantani kuwa kullum tambayarsa ɗaya ce, me ake ci. Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowa ya ɗauka ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai a jirgin ruwa na tafi. To, ga shi nan gaba ɗaya. Wanda ya sake tambaya ta, takarda zan miƙa masa.

Da farko ku sani ba yawon buɗe ido na je ba, Inna ce ta aike ni. Wana, Yaya Ummaru, ya bar ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum tun ina ɗan shekara bakwai, ya bi fataken goro ya zauna a wani gari na ƙasar Kwaddibuwa da ake kira Buwake. Sau ɗaya ya zo gida, lokacin da Baba ya rasu. Bayan ya koma yaƙi ya ɓarke a ƙasar, ta rabu biyu, garin nasu ya faɗa hannun 'yan tawaye, duk abin da ya tara ya tafi. Yaƙi ya ƙare tuntuni, amma Yaya bai zo ba. In an yi waya sai ya ce bayan kaka, kaka ta wuce ya ce bayan Salla. Ita kuwa Inna ido ya tafi, ƙafa ta kumbura, ta fara rabon ƙoren furarta ga jikoki. Ni na san abin da wannan yake nufi.

Ranar da zan tashi ta kira ni ɗaki ta ce, "Ka tai ka zo min da shi. Amma kak ka hwaɗa mai mun baro gida."

Damina uku ke nan da muka baro ƙauye saboda 'yan bindiga, muka kama haya a Gummi bayan kasuwa. Yaya yana jin labarin Zamfara a rediyo, amma duk lokacin da ya tambaya sai mu ce lafiya lau, abin bai zo wajenmu ba. Inna ta ce mutumin da aka taɓa ƙona wa gida ba a ɗora masa labarin wata gobara. Ni dalilina dabam ne, ina tsoron in ya ji gaskiya ba zai zo ba ko kaɗan.

Na bi ta Jega da Yauri da Kontagora na sauka Legas, ƙugu kamar an daka shi a turmi. A can na shiga doguwar mota mai bin gaɓar teku. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wata 'yar kasuwa, Hajiya Kulu mutuniyar Jega, mai kai lalle da turare Abijan. Ƙatuwar mace ce mai faɗa, ta san hanyar kamar tafin hannunta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi buhun da na rungume, ta ce wannan ce tafiyarka ta farko ko? Na ce yaya aka yi kika sani? Ta ce wanda ya saba ba ya sa babbar riga.

Buhun nan tsarabar Inna ce: kuka, busasshiyar kuɓewa, ƙuliƙuli, da daddawa cike da kwano. Kafin mu bar ƙasar Benin rana ta dafa daddawar, mota ta ɗauka. Wani mutum mai kwat a bayanmu ya yi ta surfa Faransanci yana toshe hanci, ni kuwa na kafa ido a taga kamar ba ni ba. A wata iyaka, ba zan ce wacce ba, wani jami'i ya buɗe kwanon ya ja da baya da sauri, ya ce sai an binciki wannan abu. Nan take gumi ya keto mini. Hajiya Kulu ta fizge kwanon, ta gutsiri daddawa ta jefa a baki tana kallonsa ido cikin ido, ta ce in guba ce ga ta nan, a jira a gani. Mutumin ya yi dariya ya ce mu wuce. Da muka koma mota ta kuskure baki da ruwan leda har biyu, ta ce ko don uwarta ba ta taɓa cin ɗanyar daddawa ba.

Iyaka huɗu muka ƙetare, kowacce da layinta, kowacce sai an ga fasfo da katin allurar shawara. Kuɗi ma sai da suka rikita ni, yau sefa, gobe sidi, jibi sefa kuma. A Gana muka kwana a zango, a wani gidan baƙi da Bahaushe ke riƙewa, jikan wani mutumin Argungu, amma shi bai taɓa ganin Argungu ba. Ɗaki ɗaya mu shida, tabarma da fanka. Da safe aka kawo dokunu, wato tuwon masara mai tsami da aka naɗe a ɓawo, da kifi da barkono. Malam Ɗantani, ka ji amsarka: na ci, amma da a gidanmu aka kawo shi da na ce ya kwana uku.

Da muka shiga Kwaddibuwa na gyara zama ina neman alamar yaƙi, don ni a zatona zan ga kango da ƙonannun motoci. Ban ga komai ba sai gonakin roba da kwakwa. Daga Abijan zuwa arewa hanya ce shimfiɗaɗɗiya, akwai wurin da ake tsayawa a biya kuɗin hanya a ba ka rasit. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutane suna barci a mota da rana tsaka, a tsakiyar daji. Ni tun da na san kaina a 'yan shekarun nan ban taɓa rufe ido tsakanin Gummi da Anka ba.

Hajiya Kulu ta sauka a Abijan bayan ta damƙa ni hannun direban motar Buwake kamar kaya, na isa Buwake da la'asar. Na wuce Yaya sau biyu a tasha ban gane shi ba, ina neman dogon saurayin da ke cikin hoto, alhali ga wani dattijo mai furfura da hular sanyi yana ta kallona. Tsagen fuskarmu ya tona mu. Ya riƙe ni ya ce, Inna fa? Na ce tana gida lafiya lau, tana gaishe ka. Ƙaryar farko ke nan da na yi masa a ƙasar.

Gidansa ɗaki biyu ne na haya a unguwar 'yan Arewa. Matarsa Awa Bajula ce, wato 'yar wata ƙabila ta can, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, 'ya'yansu huɗu duk suna makaranta. Ta yi mini aceke, wani abu kamar dambu amma na rogo, da soyayyen kifi da albasa. Wannan kam ya shige ni. Da ta ga daddawar Inna ta yi murna, ashe su ma suna da irin tata. Kashegari ta yi miyar kuka, Yaya ya ci loma uku ya tashi ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba.

Na kawo maganar da ta kawo ni a rana ta biyu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce lokacin kashu, wato yazawa, ya kusa, shi ne mai riƙe da sikelin ƙungiyarsu ta manoma, in ya tafi yanzu za a ba wani. Ya ce in bari a gama. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, yau ga kaka, ga Salla, an ƙaro kashu. Amma wana ne, na haɗiye.

Maimakon amsa sai ya shiga yawo da ni gari, kamar yana so in ga abin da ya riƙe shi. Ya nuna mini ginin da ya ce da can banki ne, 'yan tawaye suka fasa shi, aka yi shekaru babu banki babu kotu babu mai karɓar haraji sai mai bindiga. Ya ce a lokacin in ka ɗauko buhu daga ƙauye, kafin ka iso kasuwa shingaye sun cinye rabinsa. Da aka yi sulhu, abin da gwamnati ta fara yi shi ne kwashe shingayen nan da gyara hanya. Daga nan ta shiga harkar amfanin gona. Kafin a fara sayen kashu sai an faɗi farashi a rediyo kowa ya ji, mai saye kuma sai yana da takarda. Na ce to ana bi? Ya ce kusa da gari ana bi, can cikin lungu kuwa, mai mota shi ne gwamnati. Ya kai ni ƙofar wata masana'anta inda ake fasa kashun a nan gida maimakon a kai shi waje ɗanye. Na ga mata suna fitowa cin abinci, da yawansu man kashu ya ƙona musu yatsu sun yi baƙi.

Ba kowa ne ke yabo ba, kada ku ce na ce Aljanna na gano. Awa ta ce kwalta ta yi kyau amma ba a miya da ita, kuma hayar ɗaki da kuɗin wuta sun fi ƙarfin talaka. Yaya ma da bakinsa ya ce fadamar da yake nomawa aro ce daga wani tsoho ɗan ƙasa, shekara da shekaru suna zaman amana. Yanzu an fito da tsarin yi wa filaye takarda don a kashe rigimar ƙasa, wadda ya ce tana cikin abin da ya hura wutar yaƙin. 'Ya'yan tsohon sun fara zuwa daga birni da masu awo, shi kuwa baƙo ne, sunansa ba zai hau takarda ba.

Wanda ke kai mu wuraren nan wani mai acaɓa ne, Seku, mutum mai shiru-shiru da tabo a wuya. Sai a rana ta huɗu Awa ta gaya mini cewa da can yana cikin masu bindiga. Da aka karɓe makamai sai aka koya wa wasu sana'a, wasu aka ba su jari, shi ya sayi babur. Ta ce ita da aka wawashe mata shago ko allura ba a ba ta ba, wanda ya riƙe bindiga shi aka kira ofis aka ba kujera. Na ce to kuma kike hawa babur ɗinsa? Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ban ce na yafe ba. Kasuwa nake son zuwa." Wannan magana ta tsaya mini a rai, don mu ma a nan kullum gardamar da muke yi ke nan a bakin inji, a yi sulhu ko kada a yi, wa za a ba, wa za a hana. Daga ranar na daina sakin jiki a bayan Seku, ina zama can ƙarshen kujera.

Ranar Asabar Yaya ya ce mu je in ga shinkafarsa. Fadamar tana bayan gari kamar daga Gummi zuwa bakin gulbi sau biyu. An yi musu ɗan dam, an ja magudanan siminti, kowa da ranar ban ruwansa. Sau biyu suke noma a shekara ba tare da injin ban ruwa ba, ni da nake ƙona fetur a rani na tsaya ina haɗiyar yawu. Sai dai in faɗi gaskiya, ba su iya dashe kamar mu ba, sun cika tazara. Na tuɓe takalmi na naɗe wando na shiga cikin mata masu dashe ina nuna musu, suna dariyar baƙon da ya zo da koyarwa.

Ina duƙe da damin iri a hannu na ji ƙarar babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, da yawa, a jere, suna tahowa daga wajen daji. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Na watsar da irin, na ce, "Yaya, sun zo! Ruga!" Na keta ta cikin gadon iri na mutane na tattake shi, na faɗa magudanar ruwa, na rarrafa na shige cikin ciyawa na kwanta ruf da ciki, hanci cikin laka. Har wayata na ciro na jefa cikin ruwa, don mun saba in an kama ka da waya sai a sa ka kira 'yan'uwanka.

Taki ne aka kawo. Takin ƙungiya ne da aka sauke a bakin kwalta, masu acaɓa suka ɗauko buhu bibbiyu suka biyo juna.

Ina jin matan nan suka fashe da dariya. Sai na ji wata tsohuwa a cikinsu ta daka musu tsawa, wuri ya yi tsit. Na ɗago kai na ga ƙafafun mutum a kaina. Seku ne, shi ne a gaban ayarin. Ya miƙo mini hannu, na ƙi kamawa, ya tsaya a haka har na kama. Da ya fito da ni ya faɗi wata magana da yarensu a hankali, ba ya kallon kowa. Daga baya Yaya ya fassara mini. Wai ya ce ya san irin wannan gudun, an sha yi masa shi.

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na shiga ba masu gadon iri haƙuri, tsohuwar nan ta ce in bari, ta ɗebo ruwa a bokiti ta zuba mini na wanke fuska. Yaya ya kamo hannuna. Ya ja ni gindin wani mangwaro, ya zauna, ya ce in zauna. Ya ce shi ma ya yi shekaru in ƙofar mota ta bugu sai ya sami kansa a ƙarƙashin tebur, don haka kada in gaya masa wasa nake yi.

"Haliru, ka dubi Allah ka gaya min. Ina Inna take kwana?"

Na gaya masa. Na ce damina uku ke nan ba mu shuka gonar Baba ba, na ji an ce geza ta cinye ta. Na ce ranar da muka fito Inna a baro aka turo ta har bakin hanya. Na lissafa masa mutanen da ya sani waɗanda ba su fito ba, har da abokinsa na ƙuruciya Mamman Gajere, wanda yake aiko wa gaisuwa duk lokacin da aka yi waya muna cewa zai ji. Na ce Inna tana ɗaki ɗaya da matata da yara a gidan haya, kuma ba ta ganin komai sai haske. Na gama ina jiran ya ce ka gani, ina zan je.

Ya juya ya kalli ruwan dam. Sannan ya ce shi duk shekarun nan abin da ya hana shi zuwa kunya ce. Yana ganin kowa a gida yana zaune da rufin asirinsa, shi kaɗai ne ya tafi ya dawo hannu rabbana, ba ya so a nuna shi a ce ga wanda ya je Kurmi ya kwaso iska. Ya ce da ya san haka ne da ko da ƙafa ya zo. Ya yi mini faɗa sosai a kan Mamman Gajere, na karɓa don na cancanta. Da yamma ya kai mabuɗin sikeli gidan shugaban ƙungiya. An ce masa ba za a iya riƙe masa gurbin ba, ya ce ya ji.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Kwana huɗu muka yi a hanya. Abin da na lura shi ne, daga Legas zuwa Kontagora yana ta surutu yana tambayar wane da wane, amma da muka wuce Yauri ya ga yadda motar ta yi tsit kowa ya zuba wa daji ido, shi ma sai ya yi shiru ya ɓoye agogonsa a aljihu ba tare da na ce masa komai ba.

Mun shiga Gummi da hantsi. Inna tana zaune a tabarma ƙofar ɗaki. Ya yi sallama, ta ɗaga kai ta ce wane ne. Ya durƙusa ya kasa faɗin sunansa. Ta lalubo fuskarsa, ta bi tsagen da yatsa, ta shafa gemun, ta ce, "Ummaru, kai ma ka tsuhwa." Ta sa aka dama masa fura, ta hana kowa ba shi, ita ta riƙe ludayin. Ranar da kashegari ba ta bar shi ya je ko bakin kasuwa ba. Yana zaune gefenta yana matsa mata ƙafa, tana tambayarsa sunayen jikokinta ɗaya-ɗaya tana maimaitawa don kada ta manta. Mutane kuwa suka yi ta zuwa sannu da zuwa, waɗanda muka sani da waɗanda ba mu sani ba. Har wani ya tambaye ni a masallaci ko gaskiya ne wana yana da gidaje a Abijan.

A rana ta uku bayan azahar ta kira mu mu biyu. Ta ce ta ji maganar da ke yawo a gari, an ce baƙo ya zo daga ƙasar waje da kaya. Ta ce ita makauniya ce amma ba kurma ba ce, kuma ta san yadda irin wannan magana take ƙarewa a garin nan.

"Na gan ka, na gode Allah. Gobe da sahe ka koma wurin ɗiyanka."

Yaya ya ce ya zo ke nan sai abin da Allah ya yi, ya bar aikinsa saboda ita. Ni ma na hau, raina a ɓace, na ce Inna iyaka huɗu na ƙetare, na kwana a tasha, na sha laka a ƙasar mutane, don kwana uku? Ta juyo wajen muryata ta ce in rufe mata baki, ita ta haife shi. Ta ce ta yi shekaru tana kewarsa tana barci, don ta san inda yake babu mai taɓa shi, amma tun da ya shigo gidan nan ba ta rintsa ba. Ta ce in yana son ta cika da kwanciyar rai, ya tafi.

Da safe na raka shi tasha, ya sa tsohuwar rigata don kada ya yi kama da baƙo. Na tsaya har motar Jega ta cika ta tashi. Da na dawo gida na tarar da Inna a inda muka bar ta. Ta ce motar ta tashi? Na ce ta tashi. Ta ce ka gani da idonka? Na ce da idona. Ta ce alhamdu lillahi, ta juya fuskarta wajen bango, sannan ta fara kuka.